Sabar gida, hayar wuri a Accra ko kilawud: ina kamfaninku zai ajiye kayansa?

Ɗan'uwa idan kai ne aka ɗora wa sashen kwamfuta a babban kamfani, banki ne ko inshora ko masu rarraba kaya da ke da rassa daga Accra har Kumasi da Tamale, to na san irin matsin da kake ciki. Sabobin, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da manhajoji da bayanan kamfani, da aka saya shekara biyar shida baya garantinsu ya ƙare, tun da Broadcom ya sayi VMware, mai manhajar da ke raba saba ɗaya ta yi aikin sabobi da yawa, a Nuwamba 2023 aka daina sayar da lasisin da ake biya sau ɗaya aka koma na shekara-shekara, Windows Server 2012 ma Microsoft ya janye hannunsa tun Oktoba 2023, ga kuma manyan kamfaninku sun je taro sun jiyo ana cewa kowa ya koma kilawud, sun dawo sun ce ka kawo musu takarda kafin ƙarshen wata. Yaran da ke rubuta kod suna ja ta nan, mai riƙe da asusu yana ja ta can.

Hanyoyin da ke gabanka huɗu ne. Ka sake sayen sabobi ka bar su a ɗakinku, ko ka saya ka kai su hayar wuri a ɗaya daga cibiyoyin data na Accra, ko ka bar sayen ƙarfe kwata-kwata ka yi hayar kwamfutocin AWS na Amazon ko Azure na Microsoft ko Google ta intanet, wato kilawud kenan, ko kuma ka raba ƙafa. Kafin mu bi su ɗaya-ɗaya bari mu fara da abin da za ka auna su da shi, don idan ka bar mai talla ya kawo maka ma'auni to kayansa ne za su ci.

Ma'aunin da za ka riƙe

Na farko kuɗi, amma ba nawa ne kaɗai ba, da wane kuɗi za a biya. Kamfaninku sidi yake samu, manyan masu kilawud kuma da dala suke lissafi. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin Nuwamba na shekarar ta haura 14. Ka ɗauka bil ɗinka dala 10,000 ne duk wata kuma bai ƙaru da ko sisi ba, a Janairu sidi 60,000 ka biya, a Nuwamba 140,000, aikin nan dai shi ne bai canza ba. A 2025 kuma sidi ya farfaɗo ya dawo wajen 10 da ɗoriya, wanda ya yi kasafi a kan 15 ya sha da daɗi. Ko sama aka yi ko ƙasa linzamin ba a hannunka yake ba, kuma wannan lissafin mai ba da shawara da ke zaune a Landan ba ya yinsa, kai ne dole ka yi.

Na biyu ɗorewa, kuma a nan ƙasar abu biyu ne ke kayar da aiki, wuta da igiyar intanet. Wanda ya yi aiki lokacin dumsor, wato matsalar yawan ɗauke wuta ta 2015, ba sai an ba shi labarin wuta ba. Na igiya kuwa kowa ya gani ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da igiyoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a wajen gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya zama sai addu'a, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Idan mai talla ya ce maka kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci kayansa suna aiki, ka sani hakan na nufin kusan awa 9 na tsayuwa a shekara, 99.99 kuma kusan minti 53. Sannan alƙawarin nasa a bakin ƙofarsa ya tsaya, hanyar da ke tsakaninka da shi ba ta ciki.

Na uku doka. Dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta wajabta wa duk mai riƙe bayanan mutane ya yi rajista da hukumar kare bayanai, kuma alhakin bayanan yana wuyanka ko a ina ka ajiye su. Akwai dokar tsaron intanet ta 2020 mai lamba 1038. Idan banki ne ko masu harkar biyan kuɗi to ga umarnin Babban Bankin Ghana kan tsaron bayanai, ga dokar tsarin biyan kuɗi ta 2019 mai lamba 987. Wanda ke ƙarƙashin Babban Banki kada ya ɗaga bayanan kwastoma ko guda sai ya rubuta musu sun amsa a rubuce, maganar baki ba ta tsaya maka ranar da masu odit suka zo.

Na huɗu mutane: su wa za su riƙe abin, kuma idan ɗaya ya samu aiki a waje ya tafi me zai faru. Na biyar saurin fitar da aiki, wato daga lokacin da yaro ya gama gyara kod zuwa lokacin da kwastoma zai gani a wayarsa kwana nawa ne. Na shida hanyar fita idan zaman ya ƙi daɗi.

Sabobi a ɗakinku

Abin da yake da kyau a nan a fili yake, ka biya sau ɗaya ka san abin da ka biya, saba mai kyau ta Dell ko HPE za ta yi maka shekara biyar ba ruwanta da yadda dala ke tashi, kuma idan igiyar teku ta yanke ma'aikatan hedikwata suna ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba. Masu odit ma suna son abin da za a nuna musu da yatsa.

Amma kuɗin saba shi ne ƙaramin kuɗi a ciki. Akwai janareta da dizal, akwai UPS mai riƙe wuta kafin janareta ya tashi da batiransa da suke gajiya duk bayan shekara uku zuwa biyar, akwai na'urar sanyaya ɗaki da ba ta hutawa dare da rana, akwai bil na kamfanin wuta ECG, akwai lasisi, ga kuma jiran kaya daga waje wanda zai iya cin makonni kafin ya fito daga Tema ko filin jirgi. Na taɓa shiga ɗakin sabar wani kamfanin rarraba kaya a Kumasi, kamfani babba fa mai motoci birjik. Na'urar sanyaya biyu ce irin ta ɗakin kwana, ɗaya tana ɗiga a cikin bokitin roba da aka ajiye dab da wayoyin wuta, ƙurar hunturu ta toshe gaban sabobin har fankokinsu suna kuka, faifan da ake kwafe ajiyar ko-ta-kwana a kai yana zaune a saman kantar da sabobin suke. Wato idan wuta ta tashi da asali da kwafi tare za su tafi. Kalmomin sirrin manyan na'urori kuma mutum ɗaya ne ya san su, bawan Allah mai amana ƙwarai, amma shekarar da ya tafi aikin Hajji kowa a kamfanin zuciyarsa a hannu take har ya dawo. Ba don mutanen ba su iya aiki ba ne, kamfanin ne sana'arsa sayar da kaya ba kula da ɗakin saba ba, kuma kullum idan aka zo rage kashe kuɗi daga ɗakin nan ake farawa.

Wani abu kuma, dole ka sayi ƙarfin da zai ɗauki ranar da aiki ya fi yawa, ƙarshen wata lokacin albashi ko jajibirin Sallah ko Kirsimeti, sauran kwanakin shekara rabin ƙarfin yana zaune yana shan wuta a banza.

Hayar wuri a cibiyar data a Accra

Wannan ne zaɓin da nake ganin an fi raina shi alhali ya fi dacewa da kamfanoni da yawa. Sabobin naka ne, amma suna zaune a ginin da aka yi don su, wuta ta layi biyu, janareta da na maye gurbinsa, sanyi, na'urar kashe gobara, masu gadi, da kamfanonin intanet da yawa da suka shigo da igiyoyinsu ginin. Akwai PAIX a cikin gari, akwai ta MDXi a Appolonia wadda ta koma hannun Equinix tun da ya sayi MainOne a 2022, akwai Onix mai shaidar mataki na 4. Mataki na 3 yana nufin za a iya gyara kowane sashe ba tare da an kashe maka kaya ba, na 4 kuma ko wani sashe ya lalace ba zato aiki ba ya tsayawa. Ka nemi su nuna maka takardar shaidar da idonka, kuma ka tambaya ta zanen gini ce ko ta ginin da aka kammala, don ba ɗaya ba ne.

Babbar ribarsa ita ce kusanci. Idan kana haɗe da kamfanonin waya da GhIPSS mai haɗa biyan kuɗi tsakanin bankunan Ghana da masu MoMo, wato kuɗin waya, ta layin cikin gida, kuma zirga-zirgarka tana bi ta mahaɗar intanet ta Ghana, to ranar da igiyar teku ta yanke kwastoma a Asawase zai iya biyan kuɗi ya ga ya shiga. Amma fa sai an gwada, don sau da yawa manhaja tana zaune a Accra amma wani ƙaramin abu da ta dogara da shi, mai tantance shiga ko mai tura saƙon lambar sirri ko ma sunan shafin kansa, yana can Turai, sai igiya ta yanke ka ga komai ya tsaya duk da sabarka tana nan lafiya lau. Ka sa yaranka su toshe hanyar waje da gangan wata Asabar da dare su ga me zai mutu.

Kuɗin haya duk wata ne, ana lissafa shi da yawan kanta da wutar da kake ja, kuma da yawa da dala suke yanka farashi ko da da sidi za ka biya, don haka ka karanta wannan layin a yarjejeniya da kyau. Nauyin da ba ya sauka daga kanka shi ne na ƙarfen da manhajojin da ke kansa, faifai ya mutu kai ne, sabunta tsaro kai ne, ƙarin saba kuma sai an yi oda an jira. Idan hedikwatarku a Kumasi take ka sa kuɗin layi biyu na kamfani biyu daban-daban zuwa Accra a lissafi, don masu aikin titi suna yanke igiya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Kilawud na manya: AWS, Azure, Google

A nan ba ka sayen komai, ka buɗe asusu, cikin minti kaɗan ka tayar da saba goma, ka gama da su ka kashe. Rumbun bayanai ma su za su riƙe maka, su yi kwafi su yi sabuntawa. Ga kamfanin da aikinsa ke hawa da sauka, ko wanda ke son ya gwada sabon abu ba tare da jiran jirgin ruwa ba, babu na biyunsa, wannan gaskiya ce kuma ban ga amfanin musunta ba.

Abin lura na farko, babu ɗayansu da ke da cikakken yanki, wato rukunin cibiyoyin data nasa, a Ghana. Microsoft ya buɗe nasa a Johannesburg da Cape Town a 2019, AWS ya buɗe Cape Town a Afrilu 2020 sannan ya ƙara ƙaramin reshe a Legas a 2023, Google ya buɗe Johannesburg a farkon 2024. To ko Afirka ta Kudu ka zaɓa ko Landan ko Frankfurt, ta teku za ka bi. Daga Accra zuwa Landan saƙo yana zuwa ya dawo a wajen milisakan 100, kuma kada ka ɗauka Cape Town ta fi kusa don tana nahiyarmu, ya danganta da hanyar da kamfanin intanet ɗinku ke bi, ka auna daga ofishinku da rassanku kafin ka zaɓa. Milisakan 100 ba komai ba ne ga manhajar waya da aka rubuta da kyau, amma tsohuwar manhajar da ke yi wa rumbun bayanai tambaya ɗari biyu kafin ta buɗe shafi ɗaya za ta sa mai karɓar kuɗi a reshe ya zauna yana kallon allo layi yana tsawo.

Na biyu bil. Shigar da data kyauta ne, fitar da ita ne ake caji, a AWS daga yankunan Turai wajen santi 9 ne kowace giga, daga Cape Town ya fi haka. Tera 10 a wata kenan kusan dala 900 a kan fitarwa kawai. Sai sabobin gwaji da yara suka tayar suka manta ba su kashe ba, sai faifan da ba a haɗa shi da komai ba amma ana biyansa, sai bayanan sa ido da ke taruwa kullum ba mai karantawa. Ana samun rangwame mai yawa idan ka ɗaure kanka shekara ɗaya ko uku, AWS yana cewa har kashi 72, amma abin kamar adibas ɗin haya ne da masu gida ke karɓa a Accra, ka biya na shekara biyu a dunƙule, ko ɗakin ya yi maka ko bai yi ba kuɗin sun riga sun tafi. Kuma wanda ya kwashe tsofaffin sabobinsa yadda suke ya juye a kilawud suna kunne awa 24 ba tare da ya sake musu tsari ba, shi ne ya fi kowa kuka da bil. Ba mu kaɗai ba, Dropbox ya kwashe mafi yawan ajiyarsa daga AWS ya koma nasa tun 2016, kamfanin 37signals ma ya fita a 2023 saboda tsada. A ɗaya gefen kuma bankin Capital One na Amurka ya rufe cibiyoyinsa na data gaba ɗaya a 2020 ya koma AWS. Kowa da irin aikinsa.

Na uku tsaro, kuma nan ne manya suka fi rashin fahimta. Mai kilawud yana tsare gininsa da ƙarfensa, amma wa ka ba izini, wace ƙofa ka bari a buɗe, duk naka ne. Capital One ɗin nan a 2019 an kwashi bayanan mutum sama da miliyan 100 ta hanyar katangar tsaro da aka saita ba daidai ba. Kuma su ma manyan suna faɗuwa. A Oktoba 2025 yankin AWS na Virginia ya samu matsala ya ja manhajoji da yawa a duniya ƙasa na tsawon awanni. A Mayu 2024 Google ya goge asusun UniSuper, asusun fansho na Ostireliya, bisa kuskure, abin da ya taimaka aka dawo da su shi ne suna da kwafi a wajen wani kamfani daban. A Maris 2021 gobara ta ci cibiyar OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke wuri ɗaya da asali suka rasa komai.

Hanyar fita ta ɗan yi sauƙi, tun 2024 su ukun duka suka ce za su yafe kuɗin fitar da data ga wanda zai bar su gaba ɗaya. Amma lokaci fa? Tera 50 a layin mega 100 ya haura kwana 45 ko da layin bai yi tari ba. Kuma idan ka gina komai a kan wata hidima da su kaɗai ke da ita, fitar ta zama sake rubuta manhaja ne ba kwashe kaya ba.

Tsakanin su ukun ba zan ja dogon zance ba. Kamfanin da ya riga ya nutse a Windows da SQL Server da Microsoft 365, Azure ya fi masa sauƙi har ta wajen lasisi. AWS ya fi daɗewa, tun 2006, ya fi yawan hidimomi kuma masu iya shi sun fi sauƙin samu. Google ƙarfinsa a nazarin data yake, da Kubernetes, wato tsarin da ke tafiyar da manhajoji da yawa a kan sabobi da yawa.

Raba ƙafa

Zuciyar aiki, wato rumbun asusun kwastoma da haɗin GhIPSS da MoMo, tana Accra, manhajar waya da shafin intanet da rahotanni da wurin gwaji suna kilawud, kowane ɓangare kuma yana ajiye kwafinsa a ɗayan. Shi ne ya fi dacewa da yanayinmu, amma shi ne ya fi cin mutane, don tsaro biyu za ka kula da shi, bil biyu, da layin da ya haɗa su wanda idan ya yanke dole ka san tun farko me kowane ɓangare zai yi shi kaɗai. Ƙaramin sashe mai mutum uku huɗu idan ya ɗauko wannan ya ɗauko Dala ba gammo.

| | Ɗakinku | Hayar wuri a Accra | Kilawud | Raba ƙafa |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | mai yawa | mai yawa | kaɗan | matsakaici |
| Kuɗin wata | wuta, dizal, lasisi | haya, layi, lasisi | da dala, yana hawa da sauka | duka biyu |
| An ɗauke wuta | matsalarka ce | tasu ce | ba ruwan sabobin | ba ruwan sabobin |
| Igiyar teku ta yanke | aiki na tafiya | yana tafiya idan an gwada | an yanke ka | zuciyar aiki na tafiya |
| Ƙara ƙarfi | makonni | makonni | mintuna | mintuna a gefe ɗaya |
| Masu odit | sauƙin nunawa | sauƙin nunawa | sai takardu da izini | ya danganta da rabon |
| Mutanen da ake buƙata | masu ƙarfe da wuta | masu ƙarfe | masu kod da lissafin bil | duka |
| Fita | mai sauƙi | mai sauƙi | tana iya wahala | matsakaiciya |

Abin da teburin nan bai nuna ba

Duk huɗun nan ba wanda zai gyara muku yadda kuke fitar da aiki, kuma wallahi a ganina wannan ya fi inda sabar take muhimmanci. A kamfanoni da yawa har yau sabuntawa sau ɗaya ake yi a wata uku, daren Juma'a, an tara gyara hamsin wuri ɗaya, mutum ɗaya yana shiga sabobi ɗaya bayan ɗaya yana kwafe fayiloli da hannu yana bin wata takarda da aka rubuta shekara biyu baya, sauran suna zaune da shayi da ido ja har asuba, idan Litinin ta yi wani abu ya ƙi ba wanda zai iya cewa cikin hamsin ɗin wanne ne. Ka ɗauki wannan ɗabi'ar ka kai ta AWS, abin da ya canza kawai yanzu da dala kake biyanta.

Ka duba abin da ya sami Knight Capital, kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka, ranar 1 ga Agusta 2012. An tura sabon kod da hannu zuwa sabobi takwas, aka tsallake ɗaya, tsohon kod da ke kwance a kanta ya farka ya yi ta saye da sayarwa a kasuwar hannun jari, cikin kusan minti 45 suka yi asarar dala miliyan 440. Sai na CrowdStrike, kamfanin manhajar tsaro, ranar 19 ga Yuli 2024, sabuntawa ɗaya da aka saki wa kowa lokaci guda ta kayar da kwamfutocin Windows wajen miliyan 8.5 a lissafin Microsoft, filayen jirgi da asibitoci da bankuna suka tsaya. Na farko ya nuna illar hannu, na biyu ya nuna illar sakin abu ga kowa ba tare da an fara da 'yan kaɗan ba.

Tsarin da ake bi yanzu ba wani abin mamaki ba ne. Duk kod yana cikin Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane gyara, har da bayanin yadda aka saita sabobi, da Terraform ko OpenTofu ko Ansible, ta yadda idan komai ya ƙone za a sake tayar da shi daga rubutu ba daga kan wani mutum ba. Duk gyaran da aka tura wani ya duba shi, sannan na'ura ta gina shi ta yi masa gwaji da kanta, da GitLab ko GitHub Actions ko Jenkins. Wanda ya wuce a naɗe shi a kwantenar Docker, wato ƙunshin manhaja da duk abin da take buƙata don ta yi aiki, kwantenar da aka gwada ita ce dai za ta je gaban kwastoma ba a sake ginawa. A fara sakinsa ga reshe ɗaya, a ce na Madina a Accra, a duba awa biyu, sannan sauran. Idan ya ƙi a koma na jiya da umarni ɗaya. Gyara ƙanana kullum, maimakon dutse guda duk wata uku. Masu odit ma wannan ya fi musu, don kowane canji yana da sunan wanda ya rubuta da wanda ya amince da lokacin da ya fita. Kuma duk wannan yana aiki a sabar da ke Appolonia kamar yadda yake aiki a Frankfurt, GitLab da Jenkins ana iya ɗora su a gida.

Abu huɗu za ka riƙa aunawa ka kai wa manya: sau nawa kuke saki, kwana nawa gyara ke ɗauka kafin ya fita, kashi nawa na sakin ke jawo matsala, da awa nawa kuke ɗauka ku dawo idan an faɗi.

Sai Kubernetes, wanda yaranka za su matsa maka a kansa don yana ƙara wa takardar neman aiki kyau, kuma ban ga laifinsu ba. Google ne ya fito da shi a 2014, abu ne mai kyau ga wanda ke da hidimomi da yawa da ƙungiyoyi da yawa da ke takun juna. Amma sau uku yake fitar da sabon salo a shekara, kowanne kuma shekara ɗaya da 'yan watanni ake tallafa masa, wato sabunta shi kaɗai aikin mutum ne. Kamfani mai manhaja biyar da injiniya shida ba ya buƙatarsa, kwantena a kan saba biyu uku ta ishe shi. Idan har ya zama dole to a ɗauki wanda mai kilawud ke riƙewa, na AWS santi 10 ne a awa kafin kuɗin sabobin, ya fi arha nesa ba kusa ba a kan albashin wanda zai riƙe shi da hannu.

To wanne ne naka

Banki, kamfanin ajiya da bashi, ko duk wanda Babban Banki ke dubawa: zuciyar aiki a cibiyar data a Accra, wuri na biyu a wani gini daban nesa da na farko, manhajar waya da nazarin data su tafi kilawud bayan an samu amincewa a rubuce.

Masu rarraba kaya da masana'antu da ke da manhaja ɗaya babba ta kaya da asusu, aikinta kuma kusan ɗaya ne Janairu zuwa Disamba: hayar wuri. Kilawud ba zai rage muku komai ba, ku yi amfani da shi wajen ajiye kwafi kawai, kuma duk wata uku ku gwada dawo da kwafin ku ga yana buɗewa.

Kamfanin da sana'arsa manhaja ce, ko mai kwastomomi a ƙasashe da yawa, ko mai samun kuɗin shiga da dala: kilawud kai tsaye, da mutum ɗaya da aikinsa duba bil duk mako, da ƙararrawar da za ta buga idan kashewa ta wuce iyaka.

Makaranta ko duk wanda aikinsa ke tashi sama 'yan kwanaki a shekara, lokacin rajista ko fitar sakamako: shafin da jama'a ke shiga a kilawud, a ƙara masa ƙarfi a makon a rage bayansa.

Masana'anta ko asibitin da ke wajen gari inda layi ba shi da tabbas kuma aiki ba zai jira intanet ba: ƙaramar saba a wurin dole ce, amma kwafi ya riƙa fita waje duk dare.

Wanda kuma har yanzu da hannu ake masa saki daren Juma'a, kada ya sa hannu a yarjejeniyar shekara uku da kowa tukuna. Ya ƙara wa sabobin da ke nan garanti na shekara ɗaya, ya ɗauki manhaja ɗaya wadda faɗuwarta ba za ta tsayar da kasuwa ba, ya sa ta a Git da layin gwaji da kwantena, ya tayar da ita wata uku a kilawud wata uku a Accra, sannan ya ɗauki bil biyun da alƙaluman nan huɗu ya kai wa manya.